Ƙofar Da Ba Ta Da Hannu Ta Ciki

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rahama. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse za ki daina karantawa in aka taɓa Baba, sha ruwa ki zauna tukuna.

Ga wanda ya shigo yau: Baba shi ne Mai Ƙofa, maƙerin da rabin attajiran gari ke barci a bayan ƙofofin ƙarfensa. Wata biyar ke nan da ya tashi daga jinya ya kama carbi, ya shiga sakin dukiya kamar tana ƙona masa hannu. Mun tsaya inda Yaya, babban ɗansa, ya buga wa Auta waya ya ce ta zo gida da safe, kada ta makara.

*

Auta ba ta gama cire takalmi ba Yaya ya tare ta a bakin falo.

"Sai yanzu?"

"Haba Yaya, kai ma ka san tafiyata yanzu sai a hankali." Ta dafa cikinta da ya shiga wata na bakwai. "Ina kwana. Mama, ina kwana."

Mama ta amsa da ka. Idonta ya kumbura sumtum, da gani ba yau ta fara kukan ba. A kan tebur akwai wata takarda, an ɗora biro a kanta.

Auta ta kalli takardar, ta kalli Yaya.

"Lafiya dai?"

"Ƙarfe goma likita zai iso da mota," in ji Yaya.

"Motar me?"

"Asibitin ƙwaƙwalwa. Baba za a kai."

Auta ta nemi hannun kujera ta zauna.

"Yaya, Baban namu?"

"Kina da wani ne bayan shi?"

"Me ya yi?"

"Me ya yi!" Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Mota ya ba direba. Shagon bakin titi ya sakar wa ma'aikata. An kawo masa aikin ƙofa arba'in, ya ce a kai wa maƙwabci. Shekaranjiya kuma da hannunsa ya kwance makullin ɗakinsa ya ajiye a waje. Baba fa! Mutumin da ko kejin kaji sai ya sa wa kwaɗo biyu."

"To don mutum ya yi kyauta da abinsa shi ne hauka? Da can da rana ke fitowa ta same shi bai yi asuba ba, wa ya kira likita? Sai yanzu da ya san hanyar masallaci?"

"Ke, ki iya bakinki."

"Ko dukiyar ce ake jin ciwo?"

Tana faɗa ta yi da-na-sani, don ta ga yadda fuskar Yaya ta canza.

"Wallahi in ya ga dama ya rabar har da rigar wuyana. Ni ubana nake so da rai."

Mama ta ɗago da sauri.

"Kada ka faɗa mata. Kana ganin halin da take ciki."

"Mama, sai ta sani. Maganarta kaɗai yake ji, ita za ta lallashe shi ya shiga mota ba tare da an kama shi ba."

"Me ake ɓoye min?" in ji Auta.

Yaya ya zauna a gabanta, ya rage murya.

"Ba hawan jini ne ya kwantar da Baba ba. Ƙarya muka yi miki saboda cikin nan."

"To me ye?"

"A ɗakin ajiya na same shi. A kulle."

Auta ta san ɗakin nan kamar tafin hannunta. A can ƙuryar babban shago yake, kaurin bango kamu uku, ƙofa mai nauyin saniya. Nan Baba ke ajiye takardun filaye da zinaren Mama da makullan ajiya na manyan gari. Cikin 'ya'yan gidan ita kaɗai ta gaji ƙarfe, Yaya ɗan ofis ne, ko guduma bai iya riƙo ba. Tana 'yar shekara sha tara ita da Baba suka haɗa ƙofar nan.

"Awa ashirin ya yi a ciki," Yaya ya ci gaba. "Mama ta ɗauka ya tafi ɗora ƙofa wani gari, kamar yadda ya saba. Waya ba ta shiga. Makullin kuma yana aljihunsa. Da na zo nemansa na ji nishi a ciki, sai da na kira wani tsohon mai walda ya yanke ta ta gefe. Auta, da na ɗago shi leɓensa ya yi baƙi. Na ɗauka gawa na ɗauko."

Auta ba ta taɓa ganin hawayen Yaya ba sai yau, tausayinsa ya kama ta.

"Da ya farfaɗo na ce, Baba wa ya rufe ka? Kin san me ya ce? Wai, ni na ƙera ta, ni na shiga, kada a tambayi kowa. Sau nawa ina tambaya, amsar ke nan. Likita ya ce mutumin da ya rufe kansa, ya dawo yana raba kayansa ɗaya bayan ɗaya, sallama yake yi. In ba a tsare shi ba zai sake."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Je ki same shi. Saura minti arba'in."

*

Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take, inda makulli yake da sai rami. An fitar da gado, an fitar da talabijin da kabad ɗin manyan riguna. Abin da ya rage darduma, da filo, da Alƙur'ani a kan ɗan katako, da riga biyu a jikin ƙusa.

Yana zaune yana fuskantar alƙibla, carbi na tafiya a hannunsa. Da can tun daga ƙofar gida ake jin zuwan Baba saboda tarin makullan da ke ƙara a ƙugunsa. Yanzu sai ka shigo har kansa ba ka ji komai ba.

Ta yi sallama. Ya ƙarasa abin da yake faɗa, ya shafa, ya juyo da murmushi.

"A'a, 'yar Baba! Da wannan kayan kika hawo bene? Zauna a kan filo, ƙasa da sanyi."

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya mai gidan naki? Ya baƙon da muke jira, yana shuri?"

"Baba, ka san abin da ake shiryawa a ƙasa?"

"Na sani. Gidan da ba makulli ai ba sirri."

"Kuma kana zaune?"

"To in gudu? Da wace ƙafar?" Ya yi dariya. "Yayanki yaron kirki ne. Tsoro ne ya kama shi, kada ki ga laifinsa."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗigo mata a hannu.

"Ya faɗa min maganar ɗakin ajiya."

Carbin ya tsaya. Ta lura da haka.

"Bai kyauta ba," in ji Baba a hankali.

"Me ya same ka a ciki, Baba? Ka faɗa min, don Allah. Ni ba na son ji a bakin kowa."

Ya gyara zama a kan darduma.

"Kin tuna ɗan ramin da muka bari na wayar wuta? Wanda yatsa ɗaya ke shiga?"

"Na tuna."

"A nan na kafa hancina. Ga takardar fili goma sha ɗaya a bayana, ga zinaren uwarki, ga makullan manyan gari kaf. Da a ce wani zai zo ya ce in ba shi duka ya ƙara min faɗin ramin nan da yatsa guda, wallahi har godiya zan yi masa."

Ya juya carbin a tafinsa.

"Da na ga abin ba na wasa ba ne, na ce bari in yi karatu, in mutuwar ce ta same ni da Alƙur'ani a baki. Auta, kunya ta kama ni a cikin duhu ni kaɗai. Shekara sittin da biyu. Na haddace haƙoran makullin gida ɗari uku, ki tashe ni daga barci in zana miki. Amma sura huɗu na iya. Su ma ina cikin ta biyu sai in faɗa ta uku."

"Wayyo Baba."

"Sai na koma astagfirullah. Ita kaɗai ba ta ɓace min ba. Ina faɗa, ina faɗa, har na daina jin tsoron. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da na buɗe babban shago. Shi nake bi har yau, 'yar nan. Ba hauka nake ba."

"Na sani."

"Tsohon nan mai gyaran takalmi na bakin masallaci shi ke ɗora min aya ɗaya kullum bayan asuba, mu zauna har rana ta fito. Na kai sura goma sha tara." Ya faɗa da alfahari kamar ɗan makaranta. "Malamin nawa ko kwaɗo ba shi da shi, da igiya yake ɗaure akwatinsa. Kuma barcinsa ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba."

Ta yi dariya cikin kuka.

"To kayan fa? Sai ka rabar duka?"

"Ban taɓa haƙƙin kowa ba. Gidan nan na uwarku ne, babban shago naku ne. Abin da ya yi min yawa nake saukewa. Direban nan shekara sha takwas yana wanke motar da ba tasa ba, ni kuma masallaci taku ɗari ne."

"Ka faɗa wa likita haka mana! Ka ce masa ba kai ka rufe kanka ba, magana ta ƙare."

"In na ce ba ni ba, sai a ce to waye."

"To waye?"

"Bar shi, Auta. Zan je asibitin. Can ma akwai alƙibla." Ya ƙaƙalo murmushi. "Ƙofofin nasu ma ai mu muka yi, kin manta? Aƙalla na san aiki ne mai kyau."

Ba ta manta ba. Guda goma sha biyu ne, ita ta yi musu fenti. Asibitin ne suka ce kada a sa musu hannu ta ciki.

Ta kalli hannun Baba. Rawa yake, har ƙwayoyin carbin na bugun juna. Sai yanzu ta gane dalilin kwance makullin ɗakin nan. Mutumin da ya ƙera wa gari ƙofa ba ya iya zama a bayan rufaffiyar ƙofa ko na minti ɗaya. Kuma shi ne yake cewa zai je.

Hannu ta ciki.

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta ɗago a hankali.

"Baba."

"Na'am."

"Ƙofar ɗakin ajiya ba ta da hannu ta ciki."

Ya kawar da kai.

"Ni na goge bayanta da hannuna, sumul take kamar faranti. Na ce a sa hannu, ka ce ɓarawo kaɗai ke buƙatarsa. Ko da kana so ka rufe kanka, da me za ka jawo ta?"

"Iska ce wataƙila..."

Bai ƙarasa ba, ya yi istigfari. Tun da ya kama carbi ƙarya ba ta zama a bakinsa.

"Iska? A ƙofarka? Kai ne fa kake cewa ƙofar da ta motsa ba a taɓa ta ba abin kunyar maƙeri ce. Kwana biyu muka yi muna daidaita ta. Inda aka bar ta nan take tsayawa. Sai an sa kafaɗa an tura ta daga waje, sannan ta kama kanta."

"Auta."

"Wani ne ya rufe ka. Kuma ka gan shi."

"Na ce ki bar maganar nan."

"Wa kake rufa wa asiri har za ka yarda a kulle ka saboda shi? Ma'aikaci ne? Wallahi ko waye sai..."

"Kada ki rantse!"

Tsawar ta sa ta zabura. Wata biyar rabon da a ji Baba ya ɗaga murya.

A daidai nan aka ji ƙarar mota a ƙofar gida.

*

Su huɗu suka hawo. Yaya a gaba da takarda, Mama a bayansa, sai likita, wani dattijo mai sanyin murya, da wani ƙato cikin fararen kaya wanda ya tsaya daga bakin ƙofa.

Likita ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi.

"Ranka ya daɗe, 'yan kwanaki kawai za ka yi mana, ka huta."

"Ba komai, likita. A bar ni da Alƙur'anina da carbi."

"Alƙur'ani ba matsala. Carbin ne dai sai mun ajiye maka, saboda igiyar."

Baba ya kalli carbin. Ya sumbace shi, ya miƙa. Ya tashi ya ciro riga ɗaya daga ƙusa, ya naɗe ta a hammata. Shirin nasa ke nan gaba ɗaya.

Mama ta toshe baki da mayafi.

"Tambaya ɗaya, ta ƙarshe," in ji likita. "Ranar nan, kai ka rufe kanka?"

"Ni na ƙera ta, ni na shiga. Kada a tambayi kowa."

Likita ya kalli Yaya ya gyaɗa kai. Yaya ya dafa takardar a bango, ya cire murfin biro.

"Yaya, dakata," in ji Auta. "Ƙofar nan ba ta rufuwa daga ciki. Tura ta aka yi."

"Ke kuma wace sabuwar magana ce wannan?"

"Ka tambayi tsohon mai walda. Wa ke shagon ranar? Wace rana ce ma?"

"Auta, tashi ki sauka ƙasa," in ji Baba da sauri. "Likita, mu tafi. Na shirya, mu tafi."

"Mama, wace rana ce?"

"Ke kuwa ai ba za ki manta ba," in ji Mama tana share ido. "Asabar ɗin da kika tafi gidan surukanki hutun cikin nan. Da rana kin biya shago yi masa sallama, kika bugo min kika ce ba ki same shi ba."

Ranar ta dawo wa Auta.

Asabar. An ɗauke wuta. Ma'aikata sun tashi, injin janareta na maƙwabta na ta ruri. Motar Baba ba ta waje, ashe direba ya kai ta wanki. Ta leƙa ofis ba kowa. Tana juyowa ta hango ƙofar ɗakin ajiya a buɗe kamar kamu ɗaya, ciki duhu.

Tun ranar da aka ɗora ƙofar Baba ke nanata musu doka ɗaya a shagon nan: in ka ga ƙofar ajiya a buɗe, rufe ta tukuna, sannan ka tambayi wa ya buɗe. Ya taɓa korar ma'aikaci a kan haka.

Ta tuna har tsaki ta yi. Ta tuna sanyin ƙarfen a kafaɗarta. Ta tuna ƙarar da ƙofar ta yi da ta kama, da yadda ta tafi tana jin daɗi za ta ba Baba labarin ta yi masa maganin sakacin yaransa.

Ta juyo ta kalle shi.

Idonsa ya cika taf. Yana girgiza mata kai a hankali, yana kallon cikinta. Ciki biyu ta rasa kafin wannan, duka shi ya kai ta asibiti da kansa.

"Ka gan ni," ta ce.

"Gefen mayafinki kawai. Ina bayan kantar takardu da tocila. Na kira, ƙarar inji ta danne." Ya matso. "'Yar Baba, dokata kika bi. Ni na koya miki. Kuma alheri kika yi min, wallahi alheri ne, da ba don ke ba da har yau..."

"Me ake cewa ne?" in ji Yaya, yana kallon wannan yana kallon wancan. "Baba, me kake cewa?"

Auta ta dafa bango ta miƙe.

"Yaya, ajiye biron nan. Baba lafiyarsa ƙalau."

"Auta, kada ki..."

"Ni ce. Ni na rufe shi."

Biron ya faɗi ƙasa. Mama ta ɗora hannu a ka ta saki salati.

Auta ta buɗe baki za ta ƙara magana, wani ciwo ya soke ta tun daga baya har mara. Ta riƙe cikin da hannu biyu, ƙafafunta suka saki.

Mutumin da ya ba da mota bai waiwaya ba, ya saki shago, ya miƙa carbinsa ba musu, shi ne ya watsar da rigar hammatarsa ya yi tsalle ɗaya ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

"Likita!" Muryar Mai Ƙofa ta da ce ta dawo, har ƙasan bene ana ji. "Me kake kallo? Motar da ka kawo fa? Ba ni za ka ɗauka ba, ita ce!"